Daren Albashi a Llallagua

Ƙarfe goma sha ɗaya, ofishin ƙungiyar masu haƙar kuza.
Sanyi ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa ya zauna a gwiwoyina.
Ni ce Nemesia, mai riƙe da lissafi,
mutum arba'in da bakwai na jiran kuɗinsu gobe da hantsi.

Na buɗe jadawalin albashi,
na buɗe shafin farashin kuza,
na buɗe wasiƙar banki.
Uku kacal. Sai kibiyar allo ta ƙage.
Fitilar faifai ta kama ja, ta ƙi mutuwa.
Ƙurr, ƙurr, a cikin akwatin,
kamar ɓera ya sami busasshiyar masara.

Grover, ɗan ƙanwata, ya taɓa yi mini bayani
yana ɓare dafaffen dankali a kan wannan teburin:
"Inna, akwai wani ma'aji a ciki, kanel sunansa.
Teburinsa ƙarami ne, gigabait biyu.
In takardu suka cika shi
sai ya duba wadda aka daɗe ba a taɓa ba,
ya sauka da ita rumbun ƙasa, can cikin faifai,
hanya mai nisa, matakala mai santsi."

To yau ma'ajin ya rikice.
Shafin da ya kai ƙasa yanzu, shi ake nema yanzu.
Ya ɗauko, babu wurin ajiyewa,
ya kwashi wani ya sauka da shi,
kafin ya juyo an sake kiran wancan.
Hawa, sauka, hawa, sauka,
gumi har dugadugi, aiki ko na anini.

Na san wannan numfashin.
Haka ƙirjin Hilarión ya koma a shekararsa ta ƙarshe,
bayan ƙurar rami ta cinye rabin huhunsa:
duk ƙarfinsa ya tafi wajen jawo iska da mayar da ita,
bai rage ko na ɗaga cokali ba.
A garin nan iskar ma ba ta da kauri.

Na danna harafi. Na je na dafa shayi, na dawo.
Harafin bai iso ba.
Agogon allo ya tsaya a sha ɗaya da kwata,
na bango ya kusa sha biyu.

Grover ya ce in tura ta kai bango
ma'ajin yana da wuƙa a aljihu.
Ba ya tambayar wa ya fi amfani,
wanda ya fi cin wuri yake dubawa.
Sha biyu da minti shida ya zare ta.
Fitila ta mutu. Kibiya ta warware, tana yawo sakayau
a kan allon da babu jadawalina.

Wasiƙar banki na nan lafiya lau.
Na adana har suna na talatin da ɗaya, Mamerto Colque.
Daga shi zuwa ƙasa, mutum goma sha shida,
kamar ba su shiga rami ba a watan nan.

Ban zage shi ba.
Ɗaki ɗaya aka ba shi aka ce ya sauke baƙin gari.
Ni ma na taɓa zaɓa tsakanin magani da kuɗin makaranta.

Grover zai zo Asabar, in motar Oruro ta taso.
Ya ce zai koya wa ma'ajin danne shafuka
yadda ake danne ulu a buhu,
su zauna a sama, a rage zirga-zirga.
Ƙarin ƙwaƙwalwa kuwa, sai kuza ta yi daraja.

Na kwafe farashi a bayan hannuna da biro.
Na rufe shi, na rufe banki.
Taga ɗaya tak.
Talatin da biyu: Zenobio Ari, kwana ashirin da huɗu,
a cire kuɗin fitila da nakiya.
Na adana.
Talatin da uku.
Na adana.